Tamojin Fuska da Magungunan da A Ke Talla: Bayani ga Hakimai da Magatakarda na Anka, Gummi da Bukkuyum

A 'yan shekarun nan kasuwannin ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum sun cika da mayuka da sabulai waɗanda masu tallarsu ke cewa su kan miƙe tamojin fuska, su ɗaure fatar da ta saki, su mai da tsohuwa yarinya ba tare da an sa wuƙa ba. Waɗansu a wurin 'yan koli a ke samunsu, waɗansu dillalai ke shiga da su gidaje, waɗansu kuwa ta wayar hannu a ke tallarsu, a aiko da su daga manyan birane. An shirya wannan takarda domin Hakimai da magatakardansu su rarrabe abin da ke da amfani da abin da ke cutarwa, sa'an nan su faɗakar da dagatai da masu unguwa. Son gyara ba laifi ba ne; abin gudu shi ne garin neman gira a rasa ido.

1. Abin da ke sa fuska ta saki

Fatar mutum hawa-hawa ce. A ƙarƙashin ta saman akwai wata mai kauri wadda ke da saƙa kamar ta tabarma, ta waɗansu zaruruwa iri biyu. Likitoci na kiran na farko kolajin, shi ke ba fata ƙarfi. Na biyu ilastin, shi ke sa ta koma daidai in an ja ta. Tun daga lokacin da mutum ya gama girma kolajin ɗinsa ke raguwa da misalin kashi 1 cikin 100 kowace shekara, ga mace kuwa raguwar ta kan yi sauri cikin shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Bayan wannan kitsen kumatu ya kan ragu ya gangaro, ƙashin muƙamuƙi ya kan zaizaye, balle in haƙora sun zube. Watau tamoji ba a saman fata kaɗai ya ke ba, daga ciki ya ke tasowa, shi ya sa babu man shafawar da zai iya ɗage kumatun da suka riga suka sauka.

Akwai kuma abubuwan da ke gaggauta al'amarin: zafin rana, shan taba, hayaƙin murhu, rama bayan doguwar jinya, da rashin isasshen abinci. Hunturu kuwa ya kan busar da fata har tamojin ya ƙara fitowa fili.

Lalle a lura da wannan, gama shi ne tushen bayanin duka: baƙin da ke jikin baƙar fata garkuwa ne daga rana. Saboda shi ne tamoji ke jinkirin fitowa ga baƙar fata fiye da Turawa. Wanda ya kankare wannan baƙi ya yar da garkuwarsa da hannunsa.

2. Abin da likitoci ke yi ba da yanka ba

A manyan birane akwai hanyoyi biyar da likitocin fata ke bi. Ya kamata Hakimi ya san su, domin da sunansu ne 'yan damfara ke cin kasuwa.

Ta farko allurar Botox. Ana samun ta daga dafin wata ƙwayar cuta, a tsarma shi ainun, a sa kaɗan a cikin tsokar goshi ko ta gefen ido, sai tsokar ta saki, layin da ta ke ja ya kwanta. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da ita domin layin tsakanin gira a shekara ta 2002. Aikinta wata 3 zuwa 4 ne, sa'an nan a sake. In an yi ta ba daidai ba fatar ido ta kan faɗo. In jabu ce kuwa ta kan kai ga kasa haɗiya da numfashi, kamar yadda ya faru ga waɗansu mata a Amurka a 2024, har aka kwantar da su a asibiti.

Ta biyu allurar cike, wadda a ke ɗura wani abu mai yauƙi a ƙarƙashin fata domin ya cike inda kitse ya ragu. Jiki ya kan shanye shi cikin wata 6 zuwa 18. Haɗarinta shi ne in allurar ta shiga hanyar jini fatar wurin ta kan mutu, wani lokaci ma ido ya makance.

Ta uku zaren ɗage fata, wanda a ke zurawa da allura a ja kumatu sama kaɗan. Zaren ya kan narke cikin 'yan watanni, ɗagewar kuwa ba ta kan wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

Ta huɗu na'urar zafi, wadda ke ɗumama ƙarƙashin fata domin jiki ya saƙa sabon kolajin. Amfaninta kaɗan ne, sai bayan wata 2 zuwa 6 a ke ganinsa. A hannun wanda bai ƙware ba ta kan ƙona, ƙunar baƙar fata kuwa ta kan bar baƙin tabo, ko tabo mai tudu wanda ke ci gaba da girma.

Ta biyar wani man shafawa mai suna tiretinoyin, dangin bitamin A, wanda gwaji ya tabbatar ya kan rage ƙananan tamoji bayan watanni. Sai da iznin likita a ke shafa shi, mai ciki kuwa ba ta shafawa sam.

Duka biyar ɗin tsada gare su, gyaransu kaɗan ne, kuma babu mai ɗorewa a cikinsu. Saboda haka in wani ya zo ƙauye da jaka ya ce zai yi allurar miƙe fuska a zaure ko a kantin magani, a kan kuɗi kaɗan, a san ƙarya ce ko jabu. Araha ba ta ado.

3. Mayukan kasuwa

Nan babban haɗarin ya ke, gama su ne talaka ke iya saye. Da yawa daga mayukan da a ke cewa na gyaran fuska ne, na kankare fata ne, abu uku kuwa a kan samu a cikinsu.

Na farko sitiroyid, magani mai ƙarfi wanda likita ke bayarwa na 'yan kwanaki domin waɗansu cututtukan fata. Da fari fuska ta kan yi haske da santsi, mai shafawa ta yi murna. Bayan watanni fatar ta kan yi sirara har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su yi yawa, rauni ya ƙi warkewa. In an daɗe ya kan ratsa jini ya kawo hawan jini da ciwon sukari. Watau man da aka saya domin ya ɗaure fata shi ne ke cinye kolajin ɗin da ya rage.

Na biyu haidirokwinon, wanda ke hana fata yin baƙinta. In an daɗe ana shafa shi ana shiga rana, kumatu su kan yi wani baƙi mai duhu wanda ke da wuyar fita ƙwarai.

Na uku zaiba. Ita ba ta tsaya a fata ba, ta kan shiga jiki ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kawo makyarkyata da mantuwa. Ta kan kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, ta kan kuma shafi sauran mutanen gida ta hanyar tawul da shimfiɗa. Saboda ɓarnar zaiba ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, a 2023 kuma suka yarda a hana sa ta cikin kowane kayan shafa. A cikin wannan shekara ta 2023 ne hukumar NAFDAC ta bayyana cewa kankare fata ya zama babbar barazana ga lafiyar jama'ar Nijeriya.

Mafi muni shi ne haɗin da a ke damawa a gida a zuba a robar da ba ta da suna, gama ko mai sayarwar ba ta san abin da ke ciki ba.

4. Kwalli da darasin 2010

Gyaran fuska ba ya cika sai da kwalli, shi ya sa tilas a ambace shi a nan. Mutanen wannan ƙasa ba sa bukatar a gaya musu mugun aikin dalma. A shekara ta 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan da a ke niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, kamar 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare ta ƙasar Anka. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dutsen nan mai walƙiya da a ke niƙawa a yi tozali, galibinsa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, da aka auna tozalin da aka kawo masa daga Nijeriya sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri ya kan murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro ta ke taɓawa, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Sa kwalli al'ada ce mai daraja, ba ita a ke suka ba. Dutsen da a ke niƙawa ne abin tsoro. Kada a sa wa jarirai da ƙananan yara tozalin dutse, mai ciki da mai goyo kuma su nisance shi.

5. Abin da ke da amfani kuma ba tsada

Rigakafi ya fi magani. Manomi ya sa malfa, mace ta saki mayafi ya inuwantar da fuska, a nemi inuwa da tsakar rana. Mai hali ya sayi man kare rana mai lambar NAFDAC. A bar taba. A yi girki inda hayaƙi ke fita. A shafa man kaɗanya bayan wanka, musamman da hunturu. Ba ya ɗage fata, amma ya kan tausasa ta, ƙananan tamoji su lafa. A ci wake da gyaɗa da nono da zogale da 'ya'yan itace, a kula da haƙora. Wadda ta daɗe tana shafa man kankare fata kuwa ta je asibiti a nuna mata yadda za ta bari a hankali, gama yanke sitiroyid farat ɗaya na da nasa wahala.

6. Abin da a ke so ga Hakimai da magatakarda

(a) A karanta wannan bayani ga dagatai da masu unguwa, su kuma su isar ga limamai, da malaman makarantun matan aure, da ungozomai, da masu gyaran amare, gama ta bakinsu ne zance ke shiga cikin gida.

(b) A kira Sarkin Kasuwa da shugabannin 'yan koli, a nuna musu kada su karɓi mai ko sabulun da ba shi da lambar NAFDAC da sunan wanda ya yi shi.

(c) In baƙo ya sauka yana yi wa mutane allura a fuska, a tambaye shi shaidar aikinsa ta likita, a kuma sanar da sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma nan da nan.

(d) Magatakarda ya rubuta sunan man da aka yi ƙara a kansa, da inda aka saye shi, da ranar, a ajiye robar, a aika da labari ofishin NAFDAC na Gusau. Kada a rubuta sunan wadda ta cutu sai da yardarta.

(e) Wanda fuskarsa ta ƙone ko ta kumbura, ko ganinsa ya dushe bayan allura, a kai shi asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Daga can, in da bukata, za a tura shi Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

(f) A ja kunnen magidanta su bar gorin fari da baƙi a tsakanin matansu, gama sau da yawa gori da kishi ke kai mace ga robar dillaliya.

A yi wannan aiki da lallashi, kada a kunyata kowa a bainar jama'a, domin wadda aka kunyata ɓoyewa za ta yi ta ci gaba da shafawa. Allah ya ba Hakimai ikon tsare lafiyar talakawansu, amin.