Neman Aiki Bisa Aiki: Halin Da Ma'aikatan Azare Ke Shiga Kafin Su Sauya Sheƙa

Duk lokacin da aka ba da sanarwar ɗaukar ma'aikata a wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya da ke Azare, ba marasa aiki kaɗai ke rububin cika takarda ba. A cikin masu nema akwai malamin sakandaren jiha, da nas ta asibitin karkara, da akawun sakatariyar ƙaramar hukuma, waɗanda kowannensu yana da kujerarsa da albashinsa a wani wuri. Su ne ma aka fi so, domin sanarwar takan nemi wanda ya yi shekaru yana aikin. Sai dai kafin irin wannan mutum ya zauna gaban masu ganawa, akwai tambayar da ke hana shi barci, watau ya gaya wa shugabansa ne, ko kuwa ya lallaɓa ya je a ɓoye?

Abin ya fi tsanani a Azare saboda yadda ma'aikatu suka taru wuri guda. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, wadda aka kafa a 1977 a matsayin babbar makarantar horon malamai. Ga asibitin Gwamnatin Tarayya, wanda asalinsa na jiha ne. Ga jami'ar jiha a Gadau, wadda ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, sa'an nan ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Ma'aikacin jiha da na Tarayya unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, kuma kowa ya san wanda cefanensa ya fi nauyi a ƙarshen wata. Wanda ke ganin haka kullum, ba abin mamaki ba ne in ransa ya biya.

Mutanen ƙasar Katagum kuwa ba baƙi ba ne ga aikin gwamnati da ƙa'idodinsa. Alhaji Sule Katagum ya daɗe yana shugabancin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya, har zuwa 1975. Alhaji Aminu Saleh, Wamban Katagum, ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1993 zuwa 1995. Alhaji Yayale Ahmed, Ajiyan Katagum, ya shugabanci ma'aikatan Tarayya daga 2000 zuwa 2007, daga baya shi ma ya zama Sakataren Gwamnati. A zamanin da su Alhaji Sule suka taso, aikin gwamnati inuwa ce da mutum kan shiga yana saurayi, ya fito da furfura da fensho. Tankaɗe da rairayar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi a 1975, wadda ta raba ma'aikata fiye da 10,000 da aikinsu, ita ta fara koya wa ma'aikaci cewa inuwar nan tana iya gushewa da rana tsaka. Tun daga nan waiwayen wata ƙofa ya daina zama abin kunya.

Ƙa'idar kuwa a fili take. Ma'aikacin gwamnati da ke neman aiki a wata ma'aikatar gwamnati, takardarsa ta hannun shugabansa ya kamata ta bi, shi kuma ya sa hannu ya tura ta gaba tare da bayanin halin ma'aikacin. In aka bi wannan hanya, kuma aka dace, ana iya mayar da shi sabon wurin da shekarun aikinsa cif, fayil ɗinsa ya bi shi, ba a ce ya fara daga farko ba. Akwai kuma hanyar aro, inda ma'aikatarsa za ta ba da shi na wani lokaci, kujerarsa tana jiransa.

To, in haka ne, me ke sa mutane ɓoyewa? Tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Ganawa ba ɗauka ba ce. Wanda ya kai takardarsa ofishin shugaba, ya je ya dawo hannu rabbana, ya riga ya nuna cewa ƙafarsa ɗaya tana waje. In zancen ƙarin girma ya taso, ko tura mutum kwas, sai a tuna masa. Wani shugaban ma ba ya cewa a'a, ba ya cewa i. Sai ya sa takardar cikin aljihun tebur har ranar rufe karɓa ta wuce. Irin waɗannan shugabanni su ne ke koya wa na ƙasa da su ƙarya, alhali kuwa in an bincika, yawancinsu ta wannan ƙofa suka hau kujerar da suke kai.

Sai ka ga ma'aikaci ya nemi hutun uzuri na kwana biyu, ya ce zai je gaisuwar mutuwa Misau, ko zai kai tsohuwarsa asibiti Kano. Amma Azare ba Ikko ba ce. Tun a tashar mota za a gan shi da asuba, ya sha babbar riga ko kwat, ya rungume ambulan mai takardun shaida. In ganawar a cikin gari ce, abin ya fi muni, domin mai yiwuwa ne cikin masu zaman akwai abokin karatun shugabansa, ko surukinsa, ko wanda suke sahu ɗaya da asuba. Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Shugaban da watakila da an gaya masa zai sa albarka, yanzu yana ganin an raina masa wayo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a garin da kowa ya san kakan kowa.

A teburin ganawar ma ɓoyon ba ya daɗewa. Bayan an duba takardu, da wuya a rasa mai tambaya ko ma'aikatar mutum ta san ya zo, da kuma abin da ya sa yake son barinta. A nan wasu ke kashe kansu da bakinsu, su shiga zagin inda suke ci, su tona asirin ofis, suna tsammanin haka zai burge. Masu saurare kuwa abin da suke ji shi ne yadda za a yi da su gobe. Wasu kuma sukan ce ba su da aiki sam. In an ɗauki irin wannan, ya shiga a matsayin sabo, shekarun da ya yi a baya sun bi ruwa, kuma sai ya yi zaman gwaji, wanda a aikin Tarayya shekara biyu ne, kafin a tabbatar da shi.

Mafi haɗari shi ne wanda ya ce zai riƙe biyun na ɗan lokaci ya ga kamun ludayin sabon wuri. Taura biyu ba ta taunuwa. A da, lokacin da ake biyan albashi da takarda da tawada, ana iya shekara ba a gane ba. Tun da Tarayya ta fara tattara biyan albashi cikin kwamfuta a 2007, kuma bankuna suka shigo da lambar tantance mai asusu a 2014, suna ɗaya a wuri biyu ba ya wuyar ganowa. Ƙarshensa a biya abin da aka ci, ko a rasa duka. Wanda ya ɓace daga aiki ba izini kuwa, hukuncinsa kora, kuma tabon kora yana bin mutum duk inda ya je. Alhali abin da ƙa'ida ta nema ga mai ajiye aiki bai wuce notis na wata ɗaya ba, ko ya biya albashin wata guda a madadinsa.

Zancen fensho ya ɗan yi sauƙi. Dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ba ma'aikaci asusun kansa, yana zuba kashi 8 cikin ɗari, ma'aikatarsa tana zuba kashi 10, kuma asusun yana bin sa in ya sauya wuri. Amma dokar ta fi shafar ma'aikatan Tarayya da na kamfanoni. Kowace jiha sai ta yi tata. Saboda haka wanda ya yi shekara goma sha biyar a jiha ko ƙaramar hukuma, wajibi ne ya san makomar waɗannan shekaru kafin ya motsa, kada ya saki reshe ya kama ganye.

Masu aiki a makarantun kuɗi, da kantuna, da gidajen mai, su Dokar Ƙwadago ta 1974 ce ta yi musu iyaka, in yarjejeniyarsu ba ta tanadi fiye da haka ba: notis na kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan zuwa sama. Sai dai a nan ba doka ce ke ɗaure mutum ba, nauyi ne. Sau da yawa mai makarantar ko mai kantin shi ya ɗauki yaron tun ba shi da komai, watakila ma shi ya yi masa aure. Irin wannan ba a bar masa takarda a tebur. Akan nemi dattijo ya shige gaba, a je gida a yi sallama.

Shugabanni ma suna da tasu hujja, kuma ba a yi adalci ba in an ƙi jin ta. Wanda gwamnati ko hukumar TETFund ta biya wa kuɗin karatu bisa sharaɗin zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru, in ya zame kafin wa'adi ya ci amana, kuma za a bi shi kuɗin. Malamin lissafi da ya tafi ana saura wata biyu jarrabawa, ɗalibai ya bari a rana. Kuma gurbin da aka bari ba daidai yake cikuwa ba. Kamar yadda sarauta ta tashi daga tsohon garin Katagum ta koma Azare a zamanin Turawa, haka ma'aikata ke gangarowa daga Katagum da Gamawa da Shira zuwa Azare, na Azare su nufi Bauci ko Abuja, likita ya wuce Saudiyya ko Ingila. Kujerar da aka bari a Azare takan sami masu nema kafin mako ya zagayo. Ta asibitin ƙauye kuwa, in unguwarzoma ɗaya tilo ta tafi, sai mata su koma hawa babur zuwa gari da naƙuda, har ranar da aka turo wata.