Furannin Ado Masu Dafi a Gidajen Hanwa

A layukan Hanwa, tsakanin Samaru da Sabon Gari, ba wuya mutum ya ga shingen gida da wata shuka mai furanni rawaya kamar ƙararrawa. Asalinta Amurka ta Tsakiya ne, masana na kiranta Thevetia. Ganyenta da ƙwallonta da farin ruwanta duk dafi ne mai rikita bugun zuciya, kuma ƙwallo ɗaya na iya kwantar da ƙaramin yaro.

Bini-da-zugu ya fi yaudara. Ƙwayarsa na da ɗanɗanon gyaɗa, yara su yi ta taunawa, can sai amai da gudawa su barke. Shi kuwa zaƙami, idon wanda ya ci yakan buɗe, bakinsa ya bushe, ya dinga sambatu.

Awaki da kyanwoyi da karnuka ma ba su tsira ba, musamman da rani idan ɗanyen ganye ya yi ƙaranci.

Manja da madara da iyaye ke ɗura wa yaro ba sa karya wannan dafi. A tsinko reshen shukar, a garzaya da yaron asibitin koyarwa na Shika. Dabba kuma a kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.