Koren shayi da kansar prostat: abin da bincike ya gano

Shayin da ake dafawa a fada, daga Maraɗi har Damagaram, koren ganye ne da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin. Cikin ganyen akwai wani sinadari mai suna EGCG, wanda masana suka daɗe suna gwadawa kan kansar prostat, wato ƴar ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Ga yadda abin yake. Cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai umarnin gado da ke tafiyar da aikinta, kuma wasu daga cikin umarnin na kariya ne. Wani lokaci umarnin yana nan lafiya lau, amma jiki ya manna masa wata alama da ke rufe shi, kamar an sa wa ɗakin magani kwaɗo. Nazarin wannan rufewa da buɗewa shi ake kira efijenetik. A kusan kashi 90 cikin 100 na kansar prostat, ana samun umarnin GSTP1, mai kawar da guba daga ƙwayar halitta, a rufe.

A 2003, masu bincike a jami'ar Rutgers ta Amurka suka nuna cewa EGCG na dakushe sinadarin da ke manna wannan alama, har wasu umarnin da aka rufe su sake buɗewa. A 2010 wasu masana a birnin Cleveland suka ga GSTP1 ya koma aiki cikin ƙwayoyin kansar prostat da aka zuba wa sinadaran shayi. Sai dai duk wannan cikin kwanon gwaji aka yi shi, kuma kaɗan ne daga EGCG da mutum ya sha ke kaiwa cikin jini.

Da aka koma kan mutane, sakamako ya rabu. A Italiya, a 2006, an bi maza 60 masu alamar farko ta haɗari har shekara guda: cikin 30 da suka sha miligram 600 na sinadaran kullum, ɗaya ne ya kamu, cikin sauran 30 kuwa tara. A 2015 an yi makamancin gwajin a Florida da maza 97, ba a samu bambanci mai ƙarfi ba. Mutanen sun yi kaɗan a kafa hujja da su.

Don haka mai tallar kafso na shayi da sunan maganin kansa ya wuce inda ilimi ya tsaya. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ma ta yi gargaɗi a 2018 cewa miligram 800 na EGCG a rana cikin irin waɗannan kafso na iya taɓa hanta. Shayin tukunya bai shiga gargaɗin ba, ko da yake sukarin da muke zuba masa wata magana ce daban.

Kansar prostat kan daɗe ba ta nuna kanta ba. Namijin da ya haura shekara 50, ko 45 in mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, ya tuntuɓi likita kan awon jini na PSA, musamman in fitsari ya fara yi masa gardama.