Ina ƙarfin hasken rana ke zurarewa a faifan sola na roba?

A garuruwan kan iyaka irin su Riko, a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, faifan sola ba baƙon abu ba ne. Muhimmancinsa ya ƙara fitowa fili a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulki, birane irin su Maraɗi suka shiga duhu.

Kusan dukkan faya-fayan da ake sayarwa a yankin na silikon ne, masu nauyi da gilashi. Sai dai masana sun jima suna aiki kan wani nau'i da ake haɗawa daga sinadaran kabon, dangin roba, wanda ake iya bugawa a kan leda a naɗe shi kamar tabarma.

Ching Tang na kamfanin Kodak a Amurka ya bayyana irinsa a 1986, kuma kashi 1 cikin 100 kacal na hasken yake mayarwa lantarki. A 2019 ayarin Yingping Zou a ƙasar Sin ya fito da sinadarin Y6, wanda ya kai kusan kashi 16. Daga baya an kai wajen kashi 20 a ɗakin gwaji, yayin da silikon ya haura kashi 27.

Ladan canji

Gibin yana da dalili. Idan haske ya faɗa kan wannan roba, ƙwayar lantarkin da ya tayar ba ta sakin jiki nan take, tana nan maƙale da gurbin da ta baro. Don raba su ake gauraya sinadarai biyu, mai bayarwa da mai karɓa, matakin ƙarfin na biyu yana ƙasa da na farko kaɗan. Ƙwayar takan gangara daga wannan zuwa wancan, amma gangarar ba kyauta ba ce. Tamkar mai canza naira zuwa sefa ne a bakin iyaka: tilas ya bar wani abu a hannun ɗan canji. Idan tazarar ta yi yawa, ƙarfin wutar ya ragu. Idan ta yi kaɗan, rabuwar ta gagara.

Auna matakan kuwa aiki ne mai sarƙaƙiya. Wasu kan haska sinadarin da hasken ultrabayolet a inda babu iska, su auna ƙarfin ƙwayoyin da suka fice. Wasu kan gwada shi cikin ruwan sinadari, hanya mai araha. Sakamakon hanyoyin biyu yakan saɓa, wani lokaci da gwargwadon tazarar da ake son ganowa, abin da ya sha jawo muhawara.

Akwai kuma wata dabara mai ban sha'awa: a tura wuta cikin faifan a ga yawan hasken da zai fitar. Duk lokacin da hasken ya ragu ninki goma, faifan na asarar kimanin milibolt 60, wadda ke tafiya a matsayin zafi. Nan ne raunin faifan roba ya fi tsanani.

Ga mazauna Riko, tambayar ta wuce alƙaluman ɗakin gwaji. Ana auna faya-fayai ne a zafin digiri 25, alhali bazarar Katsina kan haura 40, ga ƙurar hunturu. Masu ƙera faifan silikon kan ba da tabbacin shekara 25. Na roba, wanda iska da danshi da hasken ranar kansa ke lalatawa, bai kai nan ba tukuna.