Kakanmu Magini: Bin Sawun Masu Tubali Daga Paraku Zuwa Zugu



A gidanmu da ke Zongon Paraku akwai wata tsohuwar takardar ajami wadda mahaifinmu, limamin unguwa, yake adanawa a cikin gafaka. Sunayen malaman zuriyarmu ne a jere, kowa da wanda ya karantar da shi. Mun taso muna zaton iyakar asalinmu ke nan, har ranar da aka rushe tsohon zauren gida domin a gina na bulo. Da gwaggonmu ta ga tubalan da suka zube, sai ta ɗauki ɗaya ta ce: "Yarana, wannan aikin kakan ubanku ne. Magini ne, daga Zugu ya zo." Muka sake duba takardar, babu sunansa.

Wannan ne ya sa muka kama hanyar Zugu, garin da ake rubutawa Djougou a takardun hukuma, tafiyar sama da kilomita 130. A ƙarni na 19, Zugu babban zango ne a kan hanyar fatake masu tasowa daga Kano da Sakkwato, su ratsa Bargu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayen goro. Sarki yana zaune a Kilir, 'yan kasuwa kuma a unguwar Wangara. Duk inda ayari yake sauka kuwa, dole a sami masauki da ɗakin ajiya da masallaci. Dattawan da muka gaisa da su sun ce ta haka kakanmu ya zauna: ya biyo ayari, ya tarar da aikin gini, bai koma gida ba.

Wani tsoho a cikinsu ya bayyana mana yadda aikin yake. Da rani ake yinsa. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Sannan a mulmula da hannu, ƙasa da faɗi, sama da tsini, a shanya a rana. Ba a ƙona tubali, shi ya sa katanga take bukatar yaɓe bayan kowace damina. Da muka tambaye shi ina ginin kakanmu, sai ya kai mu bakin wani kududdufi da shara ta kusa cikewa, ya ce daga nan suka haƙi ƙasar unguwar.

Sana'ar ta ja baya a hankali. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar goro. A 1936 jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano, siminti da kwano suka sami hanyar shigowa. Kakanmu ya bi aiki zuwa Paraku, 'ya'yansa kuma suka riƙe allo. Da gidan ya zama na malamai, sai aka daina ambaton magini.

Mun ga kuskure a nan. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauki tubali lokacin ginin masallacin Madina. A Zariya har yau ana tunawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a. Zauren da malamanmu suka yi shekaru suna karantarwa a cikinsa, guminsa ne ya tsayar da shi.

Saboda haka muna kira ga iyalai: ku zauna da tsofaffinku, musamman mata, tun suna raye. Ku tambayi sana'ar kowane kaka, da unguwarsa, da wanda ya koya masa, ku rubuta. Kafin a rushe tsohon gini, a ɗauki hotonsa. Mu dai mahaifinmu ya ɗauki alƙalami da hannunsa ya ƙara sunan kakansa a takardar, kuma yanzu muna sa shi cikin addu'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshen, amin.