Daga Hashiya zuwa Wiki: Rubutun Taron Dangi da Matsalar Isnadi

Haɗuwar hannuwa da yawa a kan littafi ɗaya ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin fiƙihun Malikiyya. Shaihu Halilu ya tsara Mukhtasar a ƙarni na 8 na Hijira, Shaihu Dardir (ya rasu 1201H) ya yi masa sharhi, sannan Dasuƙi (ya rasu 1230H) ya ɗora hashiya a kan sharhin. Haka nan, duk wanda ya taɓa duba tsofaffin littattafan rubutun hannu a zaurukan malamanmu ya san yadda gefen shafi kan cika da ƙananan bayanai, wani da Larabci, wani da ajami.

Abin da ake kira wiki ɗan'uwan wannan al'ada ne a intanet: shafi ne da jama'a ke iya rubutawa, su gyara wa juna. Wani Ba'amurke, Ward Cunningham, shi ya fara ƙirƙiro shi a 1995, kuma mafi shahararsa ita ce Wikipedia, wadda aka buɗe a 2001, tana da sashen Hausa. Kowane shafi yana tafe da abubuwa biyu da mai karatu kan tsallake: wurin muhawara tsakanin marubuta, da kundin da ke adana kowane gyara, da lokacinsa, da sunan wanda ya yi shi.

Sai dai kamar da wuya ta zama gaske. A hashiya, maganar Dardir daban, ta Dasuƙi daban, kuma an san malaman kowannensu. A wiki kuwa maganganu kan narke su zama murya ɗaya, sunan da ke cikin kundin gyara kuma sau da yawa laƙabi ne kawai. A ma'aunin malaman hadisi, irin wannan marubuci majhuli ne, wato ba a san halinsa ba. Imam Muslim ya kawo a muƙaddimar Sahihinsa yadda magabata irin su Ibn Sirin suka tsananta wajen duba wanda ake karɓar addini daga gare shi. Saboda haka ba a ɗaukar hukunci ko fatawa daga wiki. Ita kanta Wikipedia ba ta ce a dogara da ita ba. Ƙa'idarta ita ce kowace magana ta jingina da madogarar da aka wallafa, mai karatu ya je ya tabbatar.

To ina amfaninsa ga mai koyarwa? A ganina, yana cikin sa ɗalibi rubutawa, ba karantawa ba. Manhajar da Wikipedia ke aiki da ita, MediaWiki, kyauta ce, kuma makaranta na iya kafa nata wikin, ta rufe shi ga ɗalibanta, kowa da sunansa na gaskiya. Idan malami ya raba babin tsarki ga ɗalibai goma, zai ga wanda ya kawo nassi, da wanda ya kwafo, da wanda ya goge maganar ɗan'uwansa ba hujja. Aikin rukuni a takarda ba ya nuna wannan, domin a can malalaci kan fake a bayan mai ƙwazo.

Yankin Roni, Gwiwa, Kazaure da Babura bai rasa masu sanin na'ura ba: akwai Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Tsadar data da ƙarancin wuta cikas ne, amma akwai wanda ya fi su. Tarihin malaman zaure da alarammomin tsangayun waɗannan garuruwa, wa ya karanta a wurin wa, wane littafi aka sauke a wane zaure, galibinsa yana bakin dattawa ne. Wikipedia kuwa ba ta karɓar binciken da ba a riga an wallafa ba, komai ingancin mai ba da labarin. Ɗalibin Roni da ya ji silsilar malaman garinsu daga bakin kakansa ba zai iya shigar da ita kai tsaye ba, ko ya shigar ana iya cirewa. Sai an fara tattara ta, an tantance riwayoyin, an buga a mujalla irin wannan, sannan ta zama madogarar da shafin zai jingina da ita.