Turaren Cakulan Mai Ƙamshin Ƙasa: Yadda Za Ki Shafa Shi Ya Karɓe Ki

Uwargida, idan aka ce miki turaren cakulan, na san abin da zai fara faɗo miki a rai: alawar yara ko kek ɗin biki. Wataƙila ma ki ce, da girmana in riƙa ƙamshin biskit? Lallai akwai irin wannan a kasuwa, mai zaƙi kamar an narka sukari, irin su Choco Musk na Al-Rehab da 'yan mata ke yayi. Amma yana da wani ɗan'uwa da ba kowa ya sani ba. Shi mai ne mai kauri da duhu kamar tsohuwar zuma, ƙamshinsa na cakulan ne mai ɗaci-ɗaci, haɗe da ƙamshin ƙasa irin wanda ke tashi ranar da aka yi ruwan farko. Turare ne na manyan mata, sai dai yana da sharuɗɗa. Idan kika kiyaye su ya ƙara miki kwarjini, idan kika yi gaggawa kuwa ki yi asarar kuɗi, ki kuma sa wa mutanen gida ciwon kai.

Me ke cikin kwalbar?

Tushen ƙamshin shi ne koko, ba na gero da muke sha da ƙosai ba, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba, wanda kuma Kwaddibuwa da Ghana ke samar da fiye da rabin na duniya. Ɗanyen ƙwallonsa ba ya ƙamshin cakulan. Sai an tara shi an lulluɓe da ganyen ayaba ya kwana biyar zuwa bakwai yana tsima, a shanya, a gasa, sannan ƙamshin ya fito. Asalinsa ɗaci gare shi. Sukari da madara ne ke mayar da shi alawa. Wannan ɗacin shi masu haɗa turare ke nema, ko dai su tatso shi daga kokon, ko su kwaikwaye shi da sinadarai, wanda shi ne ya fi yawa a turarukan da muke iya saye.

Ƙamshin ƙasar kuma galibi daga wani ganye yake da ake kira faculi, ɗan dangin na'ana'a, wanda Indunusiya ta fi kowa nomansa. Mansa yana da duhu, yana ƙara daɗi idan ya tsufa, kuma shi kansa yana ɗauke da ɗan ƙamshin koko, shi ya sa suka dace da juna. Wasu sukan ƙara saiwar jema, dangin wadda ke tsirowa a fadamunmu.

Faransawa ne suka yi wa wannan haɗi suna. A 1992 kamfanin Thierry Mugler ya fitar da Angel, wanda ya gama faculi da ƙamshin cakulan da alawa, ya buɗe wa turarukan masu ƙamshin abinci ƙofa. A 2005 kuma Serge Lutens ya fitar da Borneo 1834, wanda ya rage zaƙin ya bar koko da ƙasa. Amma ke da kika tashi cikin hayaƙin kajiji da sandal da farce, kika san humrar matan Barno, kika ga kakarki da kwalbar Bintu Sudan, hancinki ba baƙon ƙamshi mai nauyi ba ne. Kokon ne kawai sabon shiga.

Kada ki yi cinikin biri a sama

Turaren fesawa yana da sinadarin barasa da ke tashi nan take ya watsa ƙamshi ko'ina. Na mai ba haka yake ba. Kwanciya yake yi a fata, ɗumin jiki ya riƙa sakinsa a hankali. Don haka abin da kika shinshina a bakin kwalba ba shi za ki ji a jikinki ba.

Ki sa mai shago ya ɗiga miki a wuyan hannu, ki tafi ki gama cefanenki. Bayan rabin awa ki shinshina, bayan awa uku ki sake. A jikin wata kokon ne zai fito, mai ɗumi da laushi. A jikin wata kuwa ƙasar ce za ta rinjaya, har ya koma kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ba laifin turaren ba ne, ba kuma naki ba. Maiƙon fata da gumi sun bambanta. Saboda haka kada ki saya don kin ji shi a jikin ƙawarki. Idan ya yi miki, ki fara da ƙaramar kwalba mai mil 3 ko 6.

Yadda ake shafawa

Bayan wanka, ki shafa man da ba shi da ƙamshi, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Sai ki ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu, ki raba tsakanin wuyan hannu, bayan kunne da lanƙwasar hannu. Shi ke nan.

Nan ne mata da yawa ke kuskure. Bayan 'yan mintoci hanci yakan saba da ƙamshin da ke tare da shi, sai ki ga kamar ya gudu, ki ƙara, ki sake ƙarawa. Bai gudu ba, ke ce kika daina ji. Wanda ya shigo ɗakin shi zai sha wahala. Idan kina shakka, ki tambayi wani a gidan kafin ki ƙara.

Kada ki goga shi a tufafi. Mai ne, kuma mai duhu. Zai bar tabo a farar shadda ko mayafi mai haske. Ki bari ya shiga jiki kafin ki sa kaya. Idan kina son haɗawa, yana tafiya da turaren wuta na sandal ko ɗan almiski. Amma shi da humra mai ƙarfi sarakuna biyu ne, ba sa zama gari ɗaya. Ki zaɓi guda.

Lokacinsa da wurinsa

Wannan turaren hunturu ne. A Disamba da Janairu, da sanyin dare, ɗuminsa kamar bargo yake. Da damina ma yana daɗi. Amma a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, gumi yakan dama shi ya yi nauyi har ya hau kai.

Da yake ba ya tafiya nesa idan an shafa kaɗan, ya fi dacewa da cikin gida, da yamma bayan an gama hidimar kicin an yi wanka. Ko a nan ɗin, ki ji ra'ayin maigida. Wani yana so, wani ƙamshin abinci a jikin mutum ba ya burge shi. Idan za ki shiga mota da mutane ko dubiya asibiti, ki bar shi a gida. Mai ƙaramin ciki da mai asma ba su da inda za su gudu.

Hattara da yara

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Yaro ɗan shekara biyu bai san turare ba, cakulan ya sani. Ga kwalba 'yar ƙarama mai ƙamshin abin da ya fi so, bakinsa zai kai ta. Kada ki bar ta a kan madubi ko cikin jakar hannu. Ki ɗaga ta sama ko ki kulle. Idan tsautsayi ya sa ya sha, kada ki sa shi amai, domin man na iya shiga huhunsa, kada kuma ki tsaya ɗura masa manja. Ki kai shi asibiti tare da kwalbar. Mai shayarwa kuma kada ta shafa a ƙirji.

Ki kula da fatarki ma. Araha ba ta ado: turaren ɗure marar suna ba ki san da me aka sirka shi ba. Ki gwada kaɗan a lanƙwasar hannu ya kwana. Idan ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, ki haƙura da shi. Wanda ya karɓe ki kuma ki adana shi a rufe, nesa da rana da zafi.

'Yar'uwa, ba sai an ji ki tun daga zaure ba. Turaren nan na wanda ya matso kusa ne: ɗan da ya faɗo jikinki, da maigidan da kika miƙa wa ruwa. Ɗigo biyu sun ishe su.